Takwas Aka Saki, Sha Ɗaya Aka Kamo

Tun ranar da na auri Genzo ban taɓa mallakar firjin gidan nan ni kaɗai ba. Sama kifina ne da kabejin da na jiƙa, ƙasa kuwa ɓeraye ne a daskare cikin leda, abincin macizansa. Na yi mita har bakina ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ai sun riga ki zuwa gidan." Gaskiya ce kuma, shi ya sa take ƙona min rai.

Macizan rumbu ne masu cin ɓera, ba su da dafi. Na daji kore ne mai duhu, ga su nan birjik a katangun duwatsun da suka tare gonakin shinkafarmu hawa-hawa. Namu kuwa farare ne tas, idonsu jajir. Kakan Genzo ne ya tsinci biyun farko a rumbu, ya gina musu ɗaki a bayan gida. Tun daga nan fari ake haɗawa da fari, fari ya fito. Ba a sayar da su. In sun yi saɓa, Genzo ya wanke fatar ya shanya, ya kai gidan bauta na kan tudu, can a yayyanka ta mutane su karɓa su sa a aljihu don neman arziki. Ni da nake kwana gida ɗaya da masu saɓar dai har yau ina jiran nawa arzikin.

Matsalar ita ce jini ɗaya ne yake ta juyawa a ɗaki ɗaya, wa da ƙanwa, uba da 'ya. Ƙwai suka fara lalacewa, waɗanda suka ƙyanƙyashe wasu su zo da karkataccen baya. Shekarar da Genzo ya cika saba'in, namijin ƙarshe ya shiga dogon barcin da suke yi lokacin sanyi bai tashi ba. Saura mace ɗaya, Otama, ita ma tsufa ya kama ta. In ta mutu ba ta bar baya ba, abin da kaka ya fara ya ƙare a hannun jika.

Daga nan zama ya gagari Genzo. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya tashi ya leƙa ɗakin macizai, ya dawo, ya je gaban hoton marigayi babansa ya kunna turare, ya manta ya kunna ya sake kunna wani. Ni da shi duk mun san inda farin namiji yake a kwarin nan. Gidan Tokuji ne, a tsallaken kogi. Aji ɗaya suka yi, tare suka yi satar 'ya'yan itace suna yara. Sai Tokuji ya shiga kiwon macizai na sayarwa, yana kai su baje-koli a birni, Genzo kuwa ya kira shi dillalin abin bauta a gaban jama'a ranar biki. Tun 'yarmu Mitsue tana firamare ba su ƙara gaisawa ba, ga ta yanzu da 'ya'yanta a birni.

"Baban Mitsue," na ce masa wata safiya, "ko ka tsallaka kogin nan, ko ka zauna ka bar ni in share inda kake ta sintiri. Tabarmar ta kusa hujewa."

"In je in roƙi wancan?"

"To roƙe ni, ƙila in haifo maka namijin."

Ya harare ni. Da yamma na ga ya naɗe kwalbar giyar shinkafa a ƙyalle, ya sa hularsa ta fita kunya, ya bi hanyar gada.

Bayan kwana biyu sai ga Tokuji a 'yar a-kori-kurarsa, da akwatin katako a gefensa. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, amma bakin nan nasa yana nan.

"Maman Mitsue, ashe har yanzu kina haƙuri da wannan busasshen itacen?"

"Ina za ni? Macizan ma sun haƙura da shi."

Suka yi magana irin ta masu aron namiji: abin da aka ƙyanƙyashe rabi da rabi, mai mace ne zai fara zaɓa. Tokuji ya buɗe akwatin. Ni dai daga bakin ƙofa nake leƙe, don ban taɓa wuce nan ba. Namiji ne dogo, mai ƙoshi, fari sol, ya ma fi Otama haske. Ya ɗago kai yana wasa da harshe, sai wani abu ya tsaya min a rai.

"Baban Mitsue, wannan fa idonsa baƙi ne."

Tokuji ya tuntsire da dariya. "Ido za a aura ko fata?"

"Fari fari ne," in ji Genzo, bai ko waiwayo ba. "Je ki ɗora mana shayi."

Na je na ɗora. Me na sani game da maciji ban da abin da yake ci?

Tsakiyar damina Otama ta saka ƙwai takwas, manne da juna. Genzo ya kwantar da su a akwati kan jiƙaƙƙiyar gansakuka, ya rufe. Rufewar dai suna ce. Ya ɗaga murfi ya duba ko sun bushe, ya rufe, ya yi taku biyu ya dawo ya duba ko ya jiƙa su da yawa. Na ce masa ko kaza ba ta damun ƙwanta haka. Ita kuwa Otama tun da ta sauke ƙwan ta ƙi cin abinci. Ya miƙa mata ɓera da hantsaki, ta kau da kai. Ya ce ai haka suke yi, za ta karɓa. Amma na ga yadda fatarta ta saki, shi ma ya gani.

Wata safiya a ƙarshen damina, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, na ji ya ƙwala min kira. Ƙwai ɗaya ya tsage, kumfa tana fitowa. Muka tsaya, shi a ciki ni a bakin ƙofa. Hanci ya ɓullo, sai kai. Toka-toka ne, da dabbare-dabbare masu duhu, sak jinjirin macijin katanga, irin wanda yake kama da kububuwa kafin ya girma ya koma kore.

"Ɗaya ne," in ji Genzo. "Ɗaya ne kawai."

Zuwa jibi duk takwas sun fito. Ko ɗigon fari babu a jikin ko guda.

Tokuji ya zo ɗaukar rabonsa da sabon akwati, har da 'yar waƙarsa. Ya leƙa, waƙar ta tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Ni zan tambaye ka," in ji Genzo. "Me ka kawo min gida? Farin naka na gaske ne, ko irin wanda kuke yi wa 'yan birni wayo da shi ne?"

"Kai, Genzo, iya bakinka! Fenti na shafa masa? Ka dubi ɗakin nan naka, tun zamanin kakanka ba a canja katako ba. Wani ɗan katanga ne ya shigo ta rami ya riga nawa."

"Ɗakina ba rami!"

"To daga sama suka faɗo?"

"Dillali dai dillali ne."

Tokuji ya yi ja har sanƙonsa. Ya ɗauki akwatinsa wayam. "Riƙe 'yan katangarka, na bar maka har rabona. Ka kai gidan bauta su yanka wa mutane." Ya ja motarsa har tana tsalle a kan duwatsu.

Ranar Genzo ya bi ɗakin nan da tocila da rana tsaka, katako bayan katako, yana neman ramin. Bai samu ba. Rashin samun ya fi samun ci masa rai. Washegari na gan shi ya zuba 'ya'yan a bokiti.

"Ina za ka da su?"

"Inda suka fito. Zamanin Baba ɗan katanga ya taɓa shigowa, aka sami irin waɗannan. Ya ce wanda bai zo da fari ba ba ɗan gida ba ne. A mayar da shi kafin ya ci abincin gida."

"Ka bari mana ka huce. Ko ba komai ita ta haife su."

"Farin ya tafi, Fusae. In ya tafi ya tafi. Baɗi zan nemo mata wani namijin, ko daga ina ne."

Ya haura gonakin sama, ya kifa bokitin a gindin katanga. Daga tsakar gida ina hango shi tsaye, har suka gama sulalewa cikin duwatsu.

Baɗin ba ta zo wa Otama ba. Sati biyu da haka ya same ta a miƙe kusa da kwanon ruwa. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne ta a gindin itacen bayan rumbu, inda kakanninta suke. Bai yi kuka ba. Ya zo ya zauna a baranda, hannu biyu a gwiwa, kuma karon farko cikin watanni ya zauna shiru ba motsi. Na ƙi jinin zaman nan fiye da sintirin. Na buɗe firji na ga sauran ɓerayen, na ce yau dai zan zubar, sai na kasa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Ana haka sai ga a-kori-kurar Tokuji ta shigo a guje. Ya diro bai kashe injin ba.

"Na ji labarin Otama," ya ce, ya sunkuyar da kai gaisuwar mutuwa, ya ɗago da sauri. "'Ya'yan fa? Sun fara ci?"

Genzo ya kau da kai.

"Saurara, tsoho, ba faɗa na zo ba. Na je baje-koli na ba masu kiwo labari, dariya suka yi min. Ashe farin iri biyu ne. Na mai jan ido daban, na mai baƙin ido daban. Kowanne sai ɗa ya samo shi ta wajen uwa, ya kuma samo shi ta wajen uba, sannan ya fito a fata. In ta gefe ɗaya ya samo, kwanciya yake yi a jini, ɗan ya fito da kalar daji. 'Ya'yan nan kowanne ya ɗauki jan ido wurin uwarsa, ya ɗauki baƙin ido wurin ubansa, ɗaiɗai, shi ya sa ba wanda ya nuna. Ba rami a ɗakinka, ba fenti a jikin nawa. In suka girma aka haɗa su da juna, cikin jikoki fari zai dawo, wani irin nata, wani irin nawa. Otama tana cikinsu, duk su takwas. Ina suke?"

Ni na amsa.

"Suna katanga."

Tokuji ya dubi gonakin sama, katanga a kan katanga har gindin dutse, ya dafe sanƙonsa. "Ka sake su? Kai wane irin..."

"Namijinka fa?" in ji Genzo a hankali.

Sai Tokuji ya yi ƙasa da murya. "Na sayar da shi ranar nan. Don haushinka."

Suka tsaya suna kallon juna, tsofaffi biyu, kowanne ya zubar da rabin abin da ke hannunsa. Na ce musu in sun gama kallon, sanyi yana tafe, kuma macizai ba sa jiran kowa kafin su shige ƙasa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Girbi ya kama, kowa yana gona da lauje da inji, kuma duk manomin da ya ga jinjiri mai dabbare-dabbare kububuwa yake ɗauka, sara ɗaya yake masa. Genzo, mutumin da ko gishiri bai taɓa ara a maƙwabta ba, ya bi gidajen ƙauyen nan ɗaya bayan ɗaya yana rusunawa, yana roƙon duk wanda ya ga ƙaramin maciji ya kifa masa bokiti ya kira shi. A gida na uku matar gidan ta ce af, ai da safen nan ta sare ɗaya a bakin magudana. Ya je ya ɗauko gutsattsarin a tafin hannu, ya daɗe yana juya su. Ba yadda za a yi ya san ko nasa ne. Ya binne shi kusa da Otama, ko da hali.

Tokuji ya kwaso tsofaffin kwanon rufi a motarsa, suka shimfiɗa su a gindin katangu, don da hantsi in kwano ya ɗauki zafi macizai sukan shige ƙarƙashi su sha ɗumi. Kullum da safe su haura, ɗaya ya ɗaga kwano ɗaya ya tsuguna da hannu a shirye. Ni nake kai musu dunƙulen shinkafa da shayi, tun daga nesa nake jiyo su.

"Ɗaga a hankali mana, kamar mai buɗe tukunya!"

"Da ka iya a hankali da ba mu nan."

"Ga shi can! Ta hagunka! Kai, wannan hannu ne ko ludayi?"

Wani kwanon kwaɗo, wani ba komai, wani kuwa kububuwar gaske, har Tokuji ya faɗi zaune cikin taɓo. Amma suna samu. Biyu, huɗu, biyar. Genzo ya rame, gwiwoyinsa sun kumbura, abinci a tsaye yake ci. In hadari ya haɗo ya fita ya dubi sama ya dawo, in iska ta juyo da sanyi ya hau zagin iska. Ranar da suka kamo na takwas ya sauko yana ɗaga jakar sama kamar wanda ya ci kokawa. Suka zauna a baranda suka shanye kwalba guda, suna tuna malaminsu na aji uku da yadda yake jan kunne. Genzo ya je gaban hoton babansa ya faɗa masa sun dawo gida. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da safe suka haura kwashe kwanukan. Ba a jima ba na ga sun sauko shiru, Tokuji riƙe da jaka. A ƙarƙashin kwanon farko da suka ɗaga suka same shi, kwance abinsa: na tara. Girmansu ɗaya, zanensu ɗaya.

Genzo ya jera su a akwatuna, yana bi yana leƙawa. "In akwai na tara," ya ce, "to su takwas ɗin ma wa ya san su?"

Ai macizan katanga ma sun ƙyanƙyashe a lokacin, kuma ba su sa wa nasu alama ba. Suka mayar da kwanukan. Kafin sanyi ya rufe ƙasa sun kamo na goma da na sha ɗaya. Ƙila duk takwas ɗin suna ciki, ƙila biyu, ƙila ko ɗaya babu. Hanya ɗaya ce ta sani: a ciyar da su duka har su balaga, a haɗa, a jira ƙwai. Shekara huɗu ke nan in an yi sa'a, ga mutum ya haura saba'in.

Ni da na zaci firjina ya kusa dawowa hannuna, sai ga baki sha ɗaya. Biyu suka mutu a sanyin farko, Genzo ya kwana biyu yana tambayar bango ko su ne. Sauran suka yi ta saɓa suna tsawo, dabbaren ya goge, suka koma kore kamar kowane macijin katanga. Wani lokaci in same shi ya ɗauko ɗaya yana juya ta a hasken taga, wai ko zai ga kamannin Otama a siffar kai. Tokuji ya ce masa ko ita Otama ta dawo ba za ta gane su ba.

A shekara ta uku idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, tsakiyar ganin ce take mutuwa, sai gefe-gefe zai rage. Ya ɓoye min iya ɓoyewa. Ranar da na gane, daga bakin ƙofa na hango shi yana miƙa ɓera da hantsaki, yana lallashi, "Karɓi mana, karɓi," alhali macijiyar tana can ɗaya kusurwar, kwanon ruwa yake wa magana. Na daɗe a tsaye. Sannan na cire takalmina na taka cikin ɗakin da na yi shekara arba'in ina zagayewa.

"Kawo nan," na ce.

"Ke? Ai tsoro kike ji."

"Ina ji mana. Kawo."

Da ta fizgi ɓeran sai da na saki hantsakin na yi ƙara. Ya yi dariya har da tari. Ƙyama ba ta bar ni ba sai bayan watanni, tsoron kuwa har yau da saura. Tokuji ya koya min gane namiji da mace ta kaurin wutsiya, da yawan ruwan da gansakuka take so. Ya ce na fi mijina hannu. Na ce ya faɗa da ƙarfi mai gidan ya ji.

Shekara ta huɗu mata uku suka saka ƙwai. Ni nake ɗaga murfi yanzu, Genzo yana baranda yana aiko ni. Duk suka ƙyanƙyashe, ashirin da wani abu, kowanne toka-toka da dabbarensa. Na riƙa fitowa ina faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, har ya daina tambaya. Tokuji ya ce wannan bai nuna komai ba, ko 'ya'yan Otama ne aka haɗa ana iya samun haka, balle in ɗaya nata ne ɗaya na katanga. Wato ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, sai wata shekarar. Genzo ya ce ko guda kar a saki. Tokuji ya ɗauki rabinsa wannan karon ba a roƙe shi ba, ni kuwa na kira Mitsue ta aiko min da firji na biyu.

Lokacin sanyin nan Genzo ya faɗa min abin da yake cin sa. Muna zaune ƙafafunmu a ƙarƙashin bargon da ya lulluɓe ɗan teburin da muke jin ɗumi da shi, ya ce, "Fusae, in 'yan katanga muke ta yi wa bauta fa? In na je can Baba ya tambaye ni, in ce masa me? In ce da hannuna na kifa bokitin?"

"Ka ce masa shi ya koya maka," na ce. Ya yi murmushi, amma hannunsa bai daina murza gefen bargon ba.

Bana muka sauya mazan, wannan ya koma wurin waccan. Mace biyu suka saka. Na farkon duk kalar daji. Na biyun ƙwai bakwai ne, na wata siririya da suka kamo daga ƙarshe-ƙarshe, wadda Genzo ya tabbatar wa kansa ba tasu ba ce.

Shekaranjiya da hantsi na ɗaga murfi na ga ɗaya ya tsage. Na ja kujera na zauna. Kumfa ta fito, ta koma, ta sake fitowa. Sai ɗan hanci ya turo. Na goge tabarauna da gefen riga na mayar. Fari ne. Ba toka mai haske ba, fari. Na ƙi motsi, na jira ya turo kan gaba ɗaya, ya juyo wajen taga.

Idonsa baƙi ƙirin.

Tsakanin ɗakin macizai da baranda ba nisa, amma na tsaya a hanya sau biyu. Mutumin nan ba ya gani. In na ce masa ja ne, ja ne har ya mutu. Tokuji ba zai tona ni ba, na san shi yanzu. Shekara biyar yana jiran kalma ɗaya, ga ta a bakina, ba abin da zai ci min in faɗa.

Ya ji takuna, ya juyo da gefen fuskarsa yadda yake yi in yana son ya hango ni.

"Ya fasa?"

"Ya fasa. Fari ne, Baban Mitsue."

Ya dafa ƙasa zai tashi, ya kasa, ya koma. "Idon fa?"

Na dubi hannuwansa a kan gwiwa. Na tuna ranar da aka ce in je in ɗora shayi.

"Baƙi ne."

Na ga fuskarsa ta faɗi, na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da gaskiyata. Sai na ga leɓɓansa suna motsi, yana lanƙwasa yatsu kamar yaro a aji.

"Baƙin ido ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi," ya ce a hankali. "Haka ne?"

"Haka Tokuji ya ce."

"A kwarin nan kaf, namiji ɗaya ne ya taɓa shigo da shi. Kuma mace ɗaya aka taɓa haɗa shi da ita." Ya juyo gare ni. "Fusae, uwarsa da ubansa 'ya'yan Otama ne. Su biyun. Tana cikinsu."

Sai hawaye, wanda bai yi ba ranar da ya binne ta. Yana kuka yana dariya, yana buga gwiwa. "Tsinannen dillali! Ko a nan sai da nasa ya riga nawa fitowa!" Ni ma na zauna a gefensa na yi nawa, ban damu da wa zai wuce ya gani ba.

Bai bar ni na gama ba. Ya share fuska da hannun riga, ya laluba ya kamo hannuna.

"Ƙwai nawa suka rage?"

"Shida."

"To me kike yi a nan?"

Na tashi na nemi takalmina, ƙafa ɗaya ta shige ƙarƙashin baranda, na tafi da ɗaya. Na kai bakin ƙofar ɗakin ke nan na jiyo shi daga baya, da ƙarfin da na manta yana da shi:

"Fusae! Idon za ki fara dubawa!"